Tsakanin Raɗa da Tsawa: Tarihin Na'urorin Daidaita Ƙarfin Sauti

 

An nemi in yi magana a kan na'urorin da ke daidaita ƙarfin sauti, kuma zan fara da kunne, domin shi ne ya ɗora wa injiniyoyi duk wannan aikin. Ana auna sauti da desibel. Sifili shi ne mafi ƙanƙantar abin da lafiyayyen kunne ke iya tsinkaya, raɗa tana wajen 30, hirar yau da kullum wajen 60, idan aka kai 120 kuwa kunne ya fara zafi. Daga sifili zuwa 120, ƙarfin ya ninku sau miliyan har gida miliyan. Allah ya hore wa kunne ɗaukar wannan duka ba tare da mun murɗa komai ba. Na'ura ba ta samu wannan baiwa ba. Faifan garmaho, tef, wayar tarho, taransimita, kowannensu yana da iyaka biyu. Idan sauti ya haura ta sama, sai ya fashe. Idan ya faɗa ƙasa da ta ƙasa, sai "shuuu" ɗin na'urar ya haɗiye shi. Abin da ke tsakani shi ne tazarar da na'urar ke iya ɗauka, kuma a farkon zamanin rediyo ko rabin ta kunne ba ta kai ba.

Maganin farko hannun mutum ne. Ana zaunar da ma'aikaci a gaban maɓalli, mawaƙi ya ɗaga murya ya rage, ya sassauta ya ƙara. Amma kafin ƙara ta shiga kunnensa, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, yatsu su motsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce, alhali kaifin bugun ganga yana zuwa ya wuce cikin 'yan dubbai na daƙiƙa. Kullum sai ɓarna ta auku yake isowa.

Wanda ya fara sauke wa hannu wannan nauyi ta ɓangaren mai sauraro shi ne Harold Wheeler, wani matashi Ba'amurke, a shekarar 1925, yana ɗan shekara 22. Dabararsa ita ce akwatin rediyo ya riƙa auna ƙarfin siginar da ke shigo masa, idan ta yi ƙarfi ya rage wa kansa ƙaimi, idan ta raunana ya ƙara. Dattawan da ke nan, waɗanda suka saurari Sashen Hausa na BBC a gajeren zango, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, sun san yadda murya kan yi nisa ta dawo, musamman da daddare. Ba don dabarar Wheeler ba, da ba wanda zai iya cire hannu daga kan akwatin har a gama labarai. A 1934 kuma injiniyoyin kamfanin Bell suka bayyana wata hikimar da suka sa a layin tarho na iska tsakanin Amurka da Ingila: a matse tazarar murya kafin a aika, domin ƙananan sautuka su hau kan hayaniyar hanya, a can gaba kuma a buɗe ta ta koma yadda take. Ku riƙe wannan, matsi a nan, buɗewa a can, za mu sake haɗuwa da shi.

Masu gidan rediyo kuwa tasu damuwar daban ce. A matsakaicin zango, idan sauti ya zarce abin da taransimita ke ɗauka, ba fashewa kawai yake yi ba, yana fantsama ne cikin zangon maƙwabta, hukuma kuma ta zo da takardar tara. Idan aka ji tsoro aka rage sauti sosai, mutanen ƙauyukan nesa ba za su ji komai ba sai shuuu. Wajen 1937 kamfanonin Western Electric da RCA suka fito da akwatunan da ake sawa gab da taransimita don su tare duk abin da ya yi tsini. Daga nan aka samu abin da ma'aikatan situdiyo ke kira kwamfuresa da ɗan'uwansa limita.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin ɗalibai da yawa suna murɗa waɗannan maɓallai ba tare da sanin abin da suke yi ba. Abu huɗu ne ke tafiyar da kwamfuresa. Akwai iyakar da za ka sa masa, duk sautin da bai kai ta ba, ba ruwansa da shi. Akwai kason matsi: idan ka sa 4 bisa 1, sautin da ya haura iyaka da desibel 8, da 2 kawai zai fita. Idan kason ya kai 10 bisa 1 ko ya fi, to ka shiga aikin limita. Sauran biyun lokaci ne, saurin kamu da saurin saki, kuma a nan ne gwaninta take. Ku ɗauki kalangu. Abin da ke sa ka ji makaɗi yana magana da shi, wannan ɗan kaifin ne na lokacin da sandar kiɗa ta sauka a kan fata. Idan na'ura ta yi saurin kamu da yawa, ta cinye kaifin, sai kalangu ya koma kamar ana buga shi a bayan ɗaki. Idan ta yi jinkiri, tsinin ya wuce ya fashe. Haka saki: ya yi sauri, sai ka ji hayaniyar ɗaki tana tasowa tana komawa tsakanin kalma da kalma, ma'aikata suna cewa na'urar tana numfashi. Ya yi jinkiri, bugu ɗaya mai ƙarfi ya danne muryar mawaƙi har baiti ya wuce. Kusan duk ƙirƙirar da aka yi a shekaru talatin da suka biyo baya, ƙoƙari ne na warware wannan cikas ɗin na lokaci.

Rein Narma, ɗan asalin Istoniya da yaƙi ya kora har ya isa Amurka, ya ƙera Fairchild 670 a ƙarshen shekarun 1950. Bawul 20 ne a cikinsa, nauyinsa ya kusa kilo 30, kuma ɗan'uwansa mai layi ɗaya, 660, shi ne aka riƙa ratsa muryoyin mawaƙan Beatles ta cikinsa a situdiyon Abbey Road da ke Landan. Bill Putnam ya fito da 1176 a 1967, mai aiki da taransisto, wanda ke iya kamu cikin kashi 20 na miliyan ɗin daƙiƙa. David Blackmer, wanda ya kafa dbx a 1971, ya kawo da'irar da ke ba injiniya daidai kason da ya rubuta, ba ƙari ba ragi.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne LA-2A na Jim Lawrence, daga kamfanin Teletronix, a shekarun 1960. Cikin ɗan ƙaramin gwangwani ya haɗa wani allo mai haske da wani sinadari mai jin haske. Sauti ya yi ƙarfi, allon ya ƙara haske, mai jin hasken ya rage sautin. Abin mamakin yana cikin halin wannan sinadari: yakan saki wajen rabin matsin nan take, sauran kuma a hankali, kuma idan ya daɗe cikin haske, sakin nasa ya fi jinkiri. Wato yana tuna abin da ya wuce, yana kuma daidaita kansa da yanayin muryar. Babu maɓallin kamu, babu na saki, manyan maɓallai biyu ne kawai a fuskarsa. A takarda wannan naƙasa ce, domin ba za ka iya ba shi umarni ba. A kunne kuwa, har yau manyan situdiyoyin duniya suna neman sa don murya, kuma yawancin manhajojin da ke cikin kwamfutocinku suna ɗauke da kwaikwayonsa.

Sai Ray Dolby. Duk wanda ya taɓa mallakar babbar rikoda ya ga sunansa a jikin wani ɗan maɓalli, ko da bai san amfaninsa ba. Dolby ya yi aiki a kamfanin Ampex tun yana saurayi, ya yi digirin digirgir a Kambirij, sannan ya yi shekara biyu a Indiya yana aikin ba da shawara a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1965 ya kafa kamfaninsa a Landan. Matsi a nan da buɗewa a can, an san shi tun 1934, kamar yadda na faɗa, amma a kiɗa yana barin tabo, ana jin numfashin nan. Dolby ya lura da wani hali na kunne: idan sauti mai ƙarfi yana tafiya, kunne ba ya jin shuuu ɗin tef ko kaɗan, sai an yi shiru ko an sassauta yake bayyana. Don haka ya ce a ƙyale manyan sautuka, kada a taɓa su. Ƙananan kawai za a ɗaga a lokacin ɗauka, a mayar da su mazauninsu a lokacin saurare, shuuu ɗin kuma ya sauka tare da su. Tsarinsa na farko, Dolby A, ya raba sauti gida huɗu daga kauri zuwa siriri, kowane gida da nasa matsin, ya rage hayaniya da desibel 10. Dolby B na 1968 ya sauƙaƙa abin zuwa siraran sautuka kawai, shi ne kuma ya ɗaga darajar kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963, wanda asali don ɗaukar magana aka yi shi. A gefe guda, ga dalilin da ya sa da yawa daga cikinmu suka tsani maɓallin: idan kaset ɗin wa'azi ko na Shata da ka saya a kasuwa ba da Dolby aka kwafe shi ba, ka danna maɓallin, sai ya rage abin da ba a taɓa ƙarawa ba, murya ta dushe. Laifin ba na Dolby ba ne, rabin aikin aka yi.

Zuwa nan, duk abin da na lissafa don ceto aka yi shi: a ceci ƙaramin sauti daga hayaniya, a ceci taransimita daga tsini. Har na'urar taimaka wa mai raunin ji da wannan hikimar take aiki, domin irin wannan kunne ba ya jin raɗa amma tsawa tana yi masa zafi kamar kowa, sai a ɗaga masa ƙanana a bar manya. To ina aka samu matsala?

Kwamfuresa yana da maɓalli na biyar da ban ambata ba. Bayan ka danne tsinin sauti, wuri ya samu a sama, sai ka ɗaga komai gaba ɗaya. Tsinin yana nan inda yake a da, amma jikin sautin ya hau. Kunne kuma yana da wani rauni: idan ka jiyar da mutum waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ta ɗara ta farko ƙarfi da desibel ɗaya kacal, zai ce maka ta biyun ta fi daɗi, ba zai ce ta fi ƙara ba. 'Yan kasuwa ba su daɗe ba suka gano wannan. Tun a shekarun 1960 kamfanin Motown ya shahara da yanka faifai masu ƙara, don su danne na wasu a akwatunan kiɗa na shaguna. Gidajen rediyon Amurka su ma suka shiga, kowa yana son mai murɗa akwati ya tsaya a kansa. Na'urar Optimod da Bob Orban ya fito da ita a 1975 ta haɗa matsi da kariyar taransimitar FM wuri guda, aiki mai tsafta, amma ta kuma ba manajoji damar tura sauti har bakin iyaka dare da rana.

Faifan garmaho yana da birki na kansa, idan ka matsa masa allura ta yi tsalle. Faifan CD da ya fito a 1982 ba shi da allura, kuma ya zo da tazarar desibel 96, abin da injiniyoyin 1930 ko a mafarki ba su gani ba. Kowa ya ɗauka matsi ya ƙare. Akasin haka aka gani. Sautin dijital yana da iyaka ta sama wadda ba a ƙetarewa ko da ƙwayar zarra, kuma kwamfuta tana iya abin da bawul ba ya iyawa: ta jinkirta sauti na 'yan dubban daƙiƙa, ta leƙa gaba ta ga tsinin yana tafe, ta danne shi kafin ya iso. Cikas ɗin lokaci da ya wahalar da Narma da Putnam ya kau ke nan. Manhajar L1 ta kamfanin Waves, a 1994, ta sa wannan ƙarfi a hannun duk mai kwamfuta.

Abin ya zama kamar fataken auduga da direban da ke karɓar kuɗin mota a kan kowane buhu. Tunda buhu ake ƙirgawa, kowa zai hau ya tattake audugarsa da ƙafa har ta zama dutse, don ya cusa fiye da na maƙwabcinsa. Iyakar sama ita ce buhun, ba wanda ya isa ya ƙara mata girma, saboda haka aka koma tattaka. Shekara bayan shekara faifai suna ƙara ƙara, amshi da baiti suka zama tsayi ɗaya, ganga ta rasa kaifi, mai sauraro ya gaji bai san abin da ya gajiyar da shi ba. Abin ya kai maƙura a 2008 da kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica. An yi rashin sa'a, ko in ce sa'a, an saki waƙoƙin a cikin wasan bidiyo na Guitar Hero ba tare da wannan tattakar ba. Masoyan ƙungiyar suka kwatanta da kunnensu, suka ji na wasan yara ya fi faifan da suka saya da kuɗinsu, dubbansu suka sa hannu a takardar koke. Alhali tun 2001 Orban da abokin hamayyarsa a kasuwa, Frank Foti, sun haɗu sun rubuta wa masu situdiyo gargaɗi: waƙar da aka tattake ba ta fin sauran ƙara a rediyo, domin na'urar tashar tana daidaita kowa, abin da ke ƙaruwa kawai shi ne fashewa.

Ga abin da nake so ku fita da shi daga zauren nan. Ba sabon kwamfuresa ne ya kwantar da wannan rigima ba, sabon ma'auni ne. Mitocin da ake da su ba ƙarar da kunne ke ji suke aunawa ba. Mitar VU ta 1939, mai allurar nan da kuka sani, tana ɗaukar kusan sulusin daƙiƙa kafin ta kai, ba ta kuma bambanta kauri da siriri. Mitar dijital kuwa tsini kawai take gani. Shi ya sa mai talla zai iya rantsuwa cewa bai ƙetare iyaka ba, gaskiya kuma ya faɗa, amma tallarsa ta firgita mai barci. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya yi wa sautuka adalci, ya fi jin na tsakanin hez 2,000 da 5,000 a ma'aunin kauri da siriri, yana kuma raina masu kauri. Sai da aka shafe shekara 70 da ɗoriya kafin a mayar da wannan sani mitar da duniya ta yarda da ita.

A 2006 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'ida mai lamba BS.1770. An gwada dabaru iri-iri a kan kunnuwan mutane, wasu masu sarƙaƙiyar lissafi, sai ga shi mai sauƙin, wadda Gilbert Soulodre na Kanada ya gabatar, ta yi zarra: a tace sauti yadda zai yi kusa da jin kunne, a rage kauri, a ɗan ɗaga siriri, sannan a ɗauki matsakaicin ƙarfinsa daga farkon shiri zuwa ƙarshe. Daga baya aka ƙara cewa wuraren shiru ba sa shiga lissafi, don kada mai wayo ya cika shirinsa da shiru ya saye ƙara. A 2010 Ƙungiyar Gidajen Watsa Labarai ta Turai ta ɗora ƙa'idarta R128 a kai: kowane shiri, labarai ne ko talla ko wasan kwaikwayo, ya tsaya a -23 a wannan sabon ma'auni da ake kira LUFS. A Amurka har doka aka yi, Shugaba Obama ya sa mata hannu a Disambar 2010, ta fara aiki a Disambar 2012, ta hana tallar talabijin fin shirin da take ciki ƙara. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa -14, YouTube ma yana rage duk abin da ya haura wajen nan. Direba ya ajiye ƙirgen buhu ya ɗauko sikeli. Yau idan ka tattake waƙarka ka ɗora ta, manhaja za ta auna ta, ta rage ta zuwa tsayin sauran, sai ta zauna kusa da wadda ba a tattake ba, ƙara ɗaya, amma waccan gangarta tana da kaifi, taka babu.

Kada a fahimce ni a kan cewa matsi haramun ne. Mai sauraronmu ba a ɗaki mai kafet yake zaune ba. Yana cikin A Daidaita Sahu, ko bakin injin markaɗe, ko yana ji ta lasifikar waya da ba ta kai girman farce ba. A irin wannan wuri raɗa ba ta isa kunne, dole a ɗaga ta. Abin da nake ƙi shi ne matsi a kan matsi: yaron situdiyo ya tura limita har mita ta tsaya cik a ja, a tura waƙar ta WhatsApp ta ƙara lalacewa, gidan rediyo ya sake matse ta, sannan mai shago ya ƙure amfilifaya. A wasu tashoshinmu har yanzu ana gama hira cikin natsuwa, talla ta faɗo kamar aradu, uwar gida ta ruga ta rage, shiri ya dawo ba ta jin komai. Haka a wuraren tafsiri da wa'azi: malam ya sassauta murya na baya ba su ji, ya ɗaga lasifika ta fashe, alhali ƙaramin kwamfuresa tsakanin makirufo da amfilifaya zai gyara duka biyun, ya kuma tsawaita ran lasifikar. Akwai batun lafiya ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba ke jurewa lafiya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Sautin da aka tattake ba ya ba kunne hutu ko na daƙiƙa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin gidajen rediyo da ke nan, ku zauna da injiniyoyinku ku tsayar da lamba ɗaya, ku rubuta ta a jikin bangon ɗakin haɗa shiri, kuma duk tallar da aka kawo muku a auna ta kafin ta hau iska, ko ta wane ne. Ba sai kun sayi komai ba, manhajar Audacity kyauta ce kuma tana daidaita sauti da wannan ma'auni. Ku kuma ɗalibai da masu situdiyo, idan mawaƙi ya ce muku a ƙara wuta, ku haɗa masa kwafi biyu, ku daidaita ƙarfinsu da mita, sannan ku jiyar da shi ya zaɓa da kunnensa.